Jira Biyu: Masoya Wasan Fadar Dodanni a N'Djamena

Ranar 14 ga Fabrairun 2019 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Team Cherry, da ke birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, ya saki tirelar sabon wasan bidiyo da ya raɗa wa suna Hollow Knight: Silksong. Kafin gari ya waye labarin ya karaɗe Facebook da Twitter, daga Tokyo har Sao Paulo. A N'Djamena kuwa, ranar ta faɗo cikin wata na 11 da toshe waɗannan kafafen. Tun ƙarshen Maris na 2018 aka rufe Facebook da WhatsApp da Twitter a Chadi, ba a buɗe ba sai Yulin 2019, da umarnin Shugaba Idriss Deby. Saurayin da ke unguwar Moursal ko Diguel, in yana son sanin abin da 'yan'uwansa masoya wasan ke murna a kai, sai ya kunna VPN, ya zagaya ta bayan gida, yana kallon datarsa tana tsiyayewa.

Masoyan wasan na Turai da Amurka sun yi shekara 6 da rabi suna jiran Silksong, sun kuma cika duniya da kukan jiran. Na N'Djamena da Kano da Maraɗi, su jira biyu suke yi: na farko a saki wasan, na biyu ya iso hannunsu. Na biyun nan ne babu mai ba da labarinsa, kuma shi ya fi wuya.

Masoyan nan na yankinmu tsiraru ne, wannan gaskiya ce. Ka leƙa gidan gem a kowane gari na yankinmu, ƙwallo za ka tarar, yara sun jeru a benci ana layin karɓar hannu, wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona. Amma ga wani abin da da yawa ba su lura da shi ba. Sunan Konami da ke bayyana a allo kafin a fara PES, wanda yanzu ake kira eFootball, shi ne dai kamfanin Japan da ya haifi uban wasanni irin su Silksong. Tun a Satumban 1986, shekaru kafin ya fara wasan ƙwallon da ya sa muka san shi, Konami ya fitar da Castlevania: wani jarumi mai suna Simon Belmont, da bulala a hannu, ya kutsa fadar Dirakula cikin dare.

Salon da Castlevania ya ɗauko, wanda ake kira gotik, ya girmi wasan bidiyo nesa ba kusa ba. Sunan wani tsarin gini ne na manyan majami'un Turai masu dogayen hasumiyoyi da tagogin gilashi mai launi, daga baya ya zama sunan wani reshe na adabi, tun daga littafin Horace Walpole na 1764, The Castle of Otranto. Tsohuwar fada, maƙabarta, zunubin kakanni da ke bin jikoki, mamacin da ya ƙi kwanciya. A 1897 Bram Stoker ya rubuta Dracula, labarin basaraken Transilbaniya mashayin jini, daga nan duk wanda ya biyo baya a inuwarsa yake tafiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan jerin wasanni ya fi bunƙasa a na'urar hannu, wadda ake sa wa batir a zura a aljihu. A 1989, shekarar da Nintendo ya fitar da Game Boy mai cin batir 4, Castlevania ya hau kanta. Amma zamanin da masoya ke kira na zinariya ya fara ne bayan 1997, lokacin da Symphony of the Night ya fito a PlayStation ya sauya tsarin wasan gaba ɗaya. Maimakon ka miƙe daga hagu zuwa dama har ka kai ƙarshe, sai aka ba ka fada guda mai ɗakuna birjik da taswirar da ke cika sannu a hankali. Ka ga wata ƙofa can sama ba ka isa gare ta ba. Ka wuce, ka yi awa 3 a wani sashe, ka kashe bos, wato babban dodon sashen, ka samu ikon yin tsalle sau biyu a iska, sai ka tuna da ƙofar nan, ka dawo. Daɗin wasan ke nan. Haƙuri yake nema da riƙe hanya a ka, ba saurin yatsa kaɗai ba. Koji Igarashi na cikin waɗanda suka tsara shi, Michiru Yamane ta yi kiɗan, Ayami Kojima ta zana mutanen, kuma waɗannan sunaye uku har yau masoya da girmamawa suke ambaton su.

Daga 2001 zuwa 2008 an fitar da wasanni 6 a wannan tsarin, duk a na'urar hannu. Uku a Game Boy Advance: Circle of the Moon a 2001, Harmony of Dissonance a 2002, Aria of Sorrow a 2003. Uku a Nintendo DS: Dawn of Sorrow a 2005, Portrait of Ruin a 2006, Order of Ecclesia a 2008. A wancan lokacin jira bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, amma ko shi cike yake da gardama. Circle of the Moon ya sha suka saboda duhunsa, domin allon Game Boy Advance na farko ba shi da fitila, sai mutum ya nemi inda haske yake ya karkata na'urar kafin ya ga jemagen da ke shirin cizon sa. Da aka zo Dawn of Sorrow, wanda shi ne ci gaban labarin Soma Cruz na Aria of Sorrow, sai aka ajiye zanen Kojima aka koma salon katun na Japan don jawo yara. Tsofaffin masoya suka ji haushi, ba su huce ba sai da Order of Ecclesia ya zo da jaruma Shanoa da zane mai nauyi irin na da.

Daga nan sai aka ji shiru. An yi Mirror of Fate a Nintendo 3DS a 2013, wani kamfanin Sifen mai suna MercurySteam ne ya yi shi, amma ɗanɗanonsa daban ne. A 2014 Igarashi ya bar Konami.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙarfin da jira ke da shi idan masu jiran na da katin banki. A watan Mayun 2015 Igarashi ya je shafin tara gudummawa na Kickstarter ya nemi dala 500,000 don ya yi sabon wasa irin na da, mai suna Bloodstained: Ritual of the Night. Mutum sama da 60,000 suka zuba masa fiye da dala miliyan 5 da rabi. Suka zauna jira shekara 4. A tsakani aka soke nau'in da aka yi alkawarin yi wa PlayStation Vita, na'urar hannu ta Sony, wanda da ma dominsa wasu suka ba da kuɗinsu. Da wasan ya fito a Yunin 2019, wata guda kafin a buɗe kafafen sadarwa a Chadi, nau'in Nintendo Switch ya zo da nauyin jiki da dusashen hoto, sai da aka yi ta gyara. Masu na'urar hannu, waɗanda su suka riƙe wannan salon shekara da shekaru, su aka bari a baya.

Jiran Silksong kuwa ya zama wata al'ada mai zaman kanta. Mutum 3 ne ginshiƙin Team Cherry, kuma ba su da yawan magana. An sa rai zai fito a farkon rabin 2023, a watan Mayun shekarar aka ce an ɗage. Duk lokacin da Nintendo ko Xbox za su yi taron nuna sababbin wasanni, sai masoya su cika wurin sharhi da tambaya ɗaya tak: ina Silksong? Har wani ya buɗe tasha a YouTube yana fitowa kullum don kawai ya sanar cewa yau ma babu labari. Wanda ya taɓa karanta littafin Hausa ya kai shafin ƙarshe ya tarar an ce a tara a littafi na biyu, ya yi ta sintiri wurin mai sayarwa wata da watanni, ya san wannan ciwon. Ranar 4 ga Satumban 2025 aka saki wasan. Cunkoson masu saye ya durƙusar da shagon Steam na ɗan lokaci, shagunan Nintendo da PlayStation ma suka yi ta tangarɗa, kuma cikin kwanakin farko mutum sama da 500,000 ne ke buga shi lokaci guda a Steam kaɗai.

To, a ranar nan me ke gaban saurayin N'Djamena?

Farko dai kuɗi. An sa wa Silksong kusan Yuro 20, farashin da Turawa suka yaba da arharsa. Sefa a ɗaure take da Yuro, ɗaya a kan 655.957, don haka kuɗin ya tasam ma jaka 13, wato sefa 13,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a hukumance yake sefa 60,000 a wata, wannan ya haura kashi ɗaya cikin biyar na albashin. Ba a zo maganar na'urar ba. Switch ta fito a 2017 a kan dala 300, ƙaramarta Switch Lite a 2019 a kan dala 200, Steam Deck a 2022 daga dala 400, Switch 2 kuma a Yunin 2025 a kan dala 450. Wannan farashin can ne. Kafin kaya su sauka a tashar ruwan Duwala su ratso Kamaru, ko su taso daga Kano su bi Maiduguri da Gamboru da Fotokol zuwa Kusiri, su haye gadar Ngueli, kowane hannu da suka bi ya ɗora nasa. Hanyar ce dai fataken Hausawa da maniyyata masu tafiya gabas suka sani tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Yau a cikin kayan da ke bin ta har da wayoyin kasuwar Farm Centre da na'urorin wasa na gwanjo.

Ko mutum ya tara kuɗin, akwai shinge na gaba. Shagunan intanet na Nintendo da PlayStation ba su da Chadi a jerin ƙasashensu, ba su da Nijar, ba su da Najeriya mai mutum sama da miliyan 200. Kudu da Sahara, Afirka ta Kudu suka sani. Saboda haka sai mutum ya buɗe asusu ya ce a Faransa yake zaune, ya nemi ɗan'uwa a Paris ko wani dillali ya sayo masa katin kuɗin shagon, a turo masa lambobin ta WhatsApp. Wato kafin ka ba kamfani kuɗinka na halak, sai ka fara yi masa ƙarya game da inda kake kwana. Wannan abu yana ci mini rai, domin shi ke sa a lissafin kamfanonin kullum a ga kamar babu mu. Ɗan Chadi ya saya, an rubuta Bafaranshe ne ya saya. Gobe in an zauna shawarar inda za a kai kasuwa, sai a ce ai can babu masu saye.

Sai wuta. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke samun lantarki a Chadi, ɗaya daga cikin mafi ƙaranci a duniya, kuma yawancin masu samun a babban birnin suke. Ko a can ɗin, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, unguwa kan yini ta kwana ba a kawo ba. A nan ne na'urar hannu ta fi ƙarfin a kira ta kayan ƙawa. PlayStation 5 na buƙatar talabijin da janareta da mai, an ɗauke wuta wasa ya yanke, wani lokaci har da abin da ka yi awa guda kana tarawa. Na'urar hannu kuwa ka kai ta shagon caji da safe, ko ka jona ta da ɗan faifan sola, da dare ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka shiga fada. Game Boy Advance da batir 2 na rediyo take yin awa kusan 15. Aria of Sorrow gaba ɗayansa, da fadarsa da kiɗansa da dodanninsa sama da 100, megabait 8 ne, bai kai bidiyon biki na minti biyu da ake turawa a waya ba, alhali manyan wasannin yau wasu sun haura gigabait 100. Ba ya neman intanet, ba ya neman abokin buga wasa a wata ƙasa. In da za a zauna a tsara wasa musamman don gari mai tsadar data da ƙarancin wuta, da wuya a wuce wannan tsarin. An yi shi ne don ma'aikacin Tokyo da ke tsaye a jirgin ƙasa, sai ga shi ya dace da unguwannin Walia da Farcha.

Shi ya sa na'urar hannu ta gaskiya a yankinmu ita ce waya. Tecno, Itel, Infinix. Matasa sun daɗe da sanin PPSSPP, manhajar da ke mayar da wayar Android ta zama PSP, wata na'urar hannu ta Sony, ko da yake yawanci don ƙwallo suke sauke ta. Ta wannan ƙofar wasu suka yi karo da The Dracula X Chronicles na 2007, wanda a cikinsa aka ɓoye Symphony of the Night sukutum. Mutum ɗaya ya sauke, goma su karɓa ta manhajar Xender ba tare da an kashe ko sisi ba. Akwai kuma ƙananan na'urorin Sin masu arha da ke zuwa maƙare da tsofaffin wasanni dubbai. Ba zan ce wannan hanya tsarkakakka ba ce. Haƙƙin mai abu haƙƙi ne, kuma mu da muka ga yadda satar fasaha ta karya kasuwar faifan Kannywood bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Amma wanda ya rufe ƙofar shagonsa ga unguwa guda yana da nasa kason na laifin. Hujja kuwa ita ce, inda aka buɗe ƙofar, abin ya zo da sauƙi. A Maris na 2020 Konami ya sa Symphony of the Night a Android a kan dala 3. A Disambar shekarar Bloodstained ya iso waya. Dead Cells, na wani kamfanin Faransa, yana waya, har da ƙarin da aka yi masa na Castlevania a 2023. Abin da ya rage shi ne hanyar biya. Mutanen da ke tura kuɗi ta Airtel da Moov kullum ba su rasa jaka biyu ba, katin Visa suka rasa. Kamfanin Carry1st da ke Afirka ta Kudu ya gina kasuwancinsa ne a kan wannan giɓin, har asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a cikinsa a 2024.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba a gidan Musulmi, ko ma na Kirista, domin N'Djamena gari ne na masallaci da coci. Waɗannan wasanni cike suke da gicciye da ruwan tsarki da matsafa da matattu masu tafiya. Uba ya leƙa allon ɗansa ya ga haka, dole gabansa ya faɗi. Ba mu kaɗai ba ne: a 1991, da za a kai Super Castlevania IV Amurka, sai da aka goge wasu gicciyen aka kuma suturta gumakan da ke tsirara. Shawarata ga iyaye ita ce su duba, kada su yi wa abin kuɗin goro. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa Silksong a rukunin 'yan shekara 10 zuwa sama, Castlevania na DS da Bloodstained a na 'yan 13, Blasphemous kuwa, mai jini da azaba, sai ɗan 17. Ba ɗaya suke ba. Kuma a yawancinsu mai wasan yana gefen masu yaƙar dodo ne, kamar dai yaron tatsuniya da ke fita bayan gari ya tunkari abin da ya hana mutane ɗiban ruwa.

Blasphemous ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don wani dalili daban. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Sebiliya na Andalus, The Game Kitchen, ya yi shi a 2019, na biyunsa ya fito a Agustan 2023. Ba su je Transilbaniya aron tsoro ba. Garinsu suka duba: jerin gwanon makon Ista, masu tuba sanye da dogayen huluna masu tsini, zane-zanen Goya, kiɗan garayar Sifen. Suka ɗauki abin da ke ba su tsoro tun suna yara suka zuba a tsarin da Igarashi ya shimfiɗa, duniya ta saya. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a kan tsarin nan, da almarar Bantu, don juyayin rasuwar mahaifinsa. A maƙwabta, Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion tun 2016, cikin irin matsalar wutar da muke kuka da ita.

Kilomita kaɗan daga N'Djamena akwai ƙauyen Gaoui, na Kotoko, da tsohon gidan sarki na ƙasa da aka mayar gidan tarihi. Mutanen wurin suna danganta kansu da Sao, al'ummar da almara ke cewa ƙatti ne masu girman da ya wuce misali, waɗanda masu tono suka samu manyan tulunan da suke binne matattunsu a ciki. A ƙetaren kogi, a Kusiri, nan Rabe ya faɗi a 1900, shi da kwamandan Faransa Lamy a rana ɗaya. Ga kufai, ga kogi biyu, Shari da Logon, ga garuruwan da ke ƙarƙashin tuddai. Mai neman fada mai ɗakuna da yawa da tarihi mai nauyi ba sai ya yi nisa ba. Kuma wasa irin wannan, mai hoto shimfiɗaɗɗe, shi ne wanda mutum 3 za su iya yi da kwamfutoci 3, kamar yadda Team Cherry suka fara Hollow Knight, wasan da Silksong ya biyo bayansa, da gudummawar da ba ta kai dalar Ostareliya 60,000 ba, daga baya suka sayar da kwafi miliyan 15. Cibiyoyin matasa masu koyon fasaha irin WenakLabs suna nan a N'Djamena, kuma shigowar Starlink ƙasar a 2025 ta fara sauya lissafin intanet ga masu halin biya. Ina fata cikin yaran da ke cinye Aria of Sorrow a wayar yayansu akwai mai lura da yadda aka jera ɗakunan, ba yadda ake kashe bos kaɗai ba.

A yanzu dai idon masoya yana kan Igarashi. Konami ya tattara tsofaffin wasannin hannu ya sake sayar da su, na Game Boy Advance a 2021, na DS a 2024, duk suna Switch. A Yunin 2025 kuma aka nuna tirelar Bloodstained: The Scarlet Engagement, labarin jarumai biyu a Ingila ta ƙarni na 16, aka sa masa shekarar 2026. Sanarwar farko ta ambaci PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta. Ba ta ambaci Switch ba, balle waya. Mai Steam Deck na iya sa rai tun ranar farko, tunda wasannin kwamfuta take ɗauka, amma masu ita a N'Djamena ba su da yawa. Saura, masu Tecno da Infinix, abin da suke da shi na auna lokaci shi ne abin da ya faru da Bloodstained na farko: wata 18 ya ɗauka daga fitowarsa zuwa ranar da ya sauka a Android.